Kifin roba a bakin kogin Ogun, yana kamu kuwa?

Ɗan_Kara

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar fatsa a nan Legas ku taimaka min da shawara. Ina aiki ne a wajen Kara kusa da Berger, kogin Ogun na nan bayanmu, to kwanaki na sayi sandar fatsa irin mai injin naɗe zaren nan haɗe da akwatin kifayen roba, akwai masu siffar ƙaramin kifi, akwai na ƙarfe mai lanƙwasar cokali, akwai kuma mai ɗan farfela da ke juyawa in ana ja. A bidiyo na ga ana jefawa a jawo a hankali sai kifi ya biyo ya cafke, ba tana ba hanjin kaza ba komai. Ni kuwa ranar Lahadi da rana in na samu sarari nakan sauka ƙasan gada in yi ta jifa har hannu ya gaji, abin da ke biyo ƙugiyata leda ce da ciyawa, wasu robobin ma sun maƙale a ƙasa sun tafi ke nan. Ga wani yaro gefena da zarensa naɗe a gwangwani, tana kawai yake sawa yana ciro tarwaɗa. Wlh abin na ci min rai don ina son harkar nan sosai, ita ce take ɗauke min hayaniyar kasuwa daga kai. Shin kifin kogin nan na cin roba kuwa? Wane lokaci ya fi, wane wuri? Sannan wanda aka kama a nan ya ciwu?

Bakabe_Mile12

Wa alaikumus salam ɗana. Ni a gidan masunta na tashi a ƙasar Kabi kafin neman abinci ya kawo ni Ikko, bari in faɗa maka abin da na sani. Yaron nan bai fi ka iyawa ba, kifin da yake nema ne daban da naka. Tarwaɗa da gashin bakinta take kiwo, wari take bi tana laluben ƙasa, kuma ta fi fitowa da dare ko in ruwa ya gurɓace, to me za ta yi da robar da ba ta da ƙamshin komai? Kurungu ma haka. Karfasa kuwa yawancin cinta gansakuka ne da ɗan abin da ke cikin laka. Robarka ta kifi mafarauci ce, wanda yake ganin ƙaramin kifi ya bi shi da gudu, irin su tsage da giwan ruwa a wajenmu can Yawuri da Kainji. A nan ƙasan Ogun wanda na fi sa maka rai da shi tufi ne, mai kan maciji ɗin nan, yana laɓewa cikin ciyawa inda ruwa ya kwanta, sai kuma wani mai dogon baki cike da haƙora da ke fakewa ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo kan ruwa.

Sannan lokacin da ka zaɓa bai yi ba. Tsakar rana kifi na can ya shige inuwa ko zurfi. Kuma yanzu muna Oktoba, ruwan sama bai ɗauke ba, ga shi watannin nan ne akan saki ruwan dam ɗin Oyan da ke wajen Abeokuta, shi ne kake ganin Isheri da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu suna cika. Ruwa ya yi ja ya yi ƙarfi, kifi ko tafin hannunka ba zai gani a ciki ba. Ka yi haƙuri zuwa Disamba, Janairu, in hunturu ya shigo ruwa ya sauka ya washe. In miya kake nema yau, ka sa tana kawai.

MaiFatsa_Ikorodu

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake, wuri ɗaya ne kawai zan ɗan ƙara da izininku. Ko ruwa ya yi ja ana iya kamu da roba, don kifi ba da ido kaɗai yake farauta ba, akwai wani layi a gefen jikinsa tun daga wajen kai har wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa. Shi ya sa a gurɓataccen ruwa mai farfelar nan ta fi aiki, tana juyawa tana kaɗa ruwa, kifi na jin ta tun bai gan ta ba.

Ɗan Kara ɗan'uwa, babbar matsalarka tsayuwa wuri ɗaya ce. Mai tana shi ke zama ya jira kifi ya zo, mai roba kuwa shi ke bin kifi gida gida kamar mai talla. Ka yi jifa biyar shida a wuri, hagu, tsakiya, dama, in shiru ka matsa gaba taku ashirin. Kuma ka daina cillawa tsakiyar kogi da iya ƙarfinka, ba kowa a can sai gudun ruwa, mafarauci ba ya son wahala, yana tsayawa ne inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, bayan ƙafar gada, gefen kwale-kwalen da aka ɗaure, bakin kainuwa, inda ƙaramin rafi ke zubowa cikin babba. Ka riƙa jifa a tsaye da gaɓa, wato robar ta biyo gefen ciyawa tana tahowa, yawancin cafkar da nake samu ba ta wuce taku uku huɗu daga inda ciyawa ta ƙare. Saboda haka kar ka zo bakin ruwa kana buga ƙafa, kuma kar inuwarka ta faɗa kan inda za ka jefa.

Maganar leda da maƙalewa, robobin da ke zuwa cikin irin akwatin nan kusan duk ƙugiya mai baki uku gare su, ita kuwa a kogin birni ba abin da ba za ta kwaso ba, leda, buhu, tsohuwar koma, taya. Ka cire ta ka sa mai baki ɗaya. Wanda ya fi ma, ka nemi roba mai laushi ɗin nan tsawon inci 3, akwai ƙugiyar da ake soke ta yadda tsininta zai ɓuya a bayan robar, sai ta ratsa ciyawa ba ta kama komai ba, kifi ne in ya danne ta da baki tsinin ya fito. Nauyi giram 5 zuwa 10 ya isa, in kana jin tana jan ƙasa to ka rage. Na tufi kuwa ba kamar kwaɗon roba mai yawo a saman ruwa, ka jefa shi kan kainuwa ka riƙa ɗan fizga kana tsayawa, in ya iso wani fili tsakanin ganye ka bar shi ya ɗan zauna. Ranar da tufi ya fara fasa ruwa ya hau kansa za ka ji ƙirjinka ya buga, ruwan ne ke ɗan kumbura a bayan kwaɗon tukuna sannan ka ji fau, to a nan kowa ke rasa shi don saurin fizga, ka dake har sai ka ji nauyinsa a sanda sannan ka ɗaga da ƙarfi, bakinsa na da tauri.

Lokaci kuwa daga an sallame asuba gari ya fara haske zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. In za ka iya ka gangaro wajenmu, Majidun ko Agboyi inda ruwan Ogun ke shiga lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, nan akwai cika da janyewar teku sau biyu a kwana ɗaya, kullum yana matsawa da kamar minti 50, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da wajen 14, 15 ga wata. Ruwa na motsi kifi na ci, in ya tsaya cak ka huta kai ma. Da rani gishiri na shigowa lagun, kainuwa ta mutu ta ba da hanya, kifayen teku irin su barakuda su biyo, su kam dole ka ɗaura 'yar waya tsakanin zare da roba in ba haka ba cizo ɗaya za su datse.

HajiyaMaiKifi

Ƙanena ni tambayarka ta ƙarshe ce ta tsayar da ni tunda maza sun wuce ta. Kifi nake sayarwa kuma ba zan ɓoye maka ba, na ƙasan Kara kai ma ka san abin da ke gangarawa ruwan, jini da tumbi daga mayanka, kashin shanu, wankin mota, kwatamin unguwanni. Ta ɓangaren Ojota kuma rafin Odo Iya Alaro na kwaso ruwan yankin masana'antun Ikeja ya kai lagun. Wuta na kashe ƙwayar cuta amma ba ta fitar da dalma ko sinadari daga tsoka, kuma kifi mai cin kifi shi ya fi tara su a jiki, musamman in ya girma. Dan Allah kar ka kai wa mai ciki ko ƙananan yara. In ka kama ka ji daɗinka ka mai da shi ruwa, na miya ka saya na Epe ko na gona. In kuma ka buɗe cikinsa ka ji warin kalanzir ko baƙin mai, ko kyanwa kar ka ba.

Bakabe_Mile12

Hajiya ta yi gaskiya. Abu ɗaya na manta ɗana, ruwan nan da masu shi. Duk inda ka ga gora ko jarka na yawo a sama ko sanduna a kafe, tarkon wani ne, Ilaje da Egun da sauran masunta da shi suke ci da iyali. Ka yi sallama, ka tambaya kafin ka jefa, in ƙugiyarka ta kama komarsu kar ka ja ka yaga, ka yanke zarenka ka gaya musu. Su ne ma za su nuna maka inda kifi yake in sun saba da kai. Kuma ka kula da taɓon bakin kogin, sama ya bushe ƙasa ruwa ne, yana haɗiye mutum har cinya, ga macizai da ambaliya ke korowa cikin ciyawa. Kar ka je kai kaɗai da duhu.

Ɗan_Kara

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na ji, zan bar ƙasan gadar nan har ruwa ya sauka. Hajiya in sha Allah ba zan kai gida ba. Yaya MaiFatsa saura abu ɗaya, zaren da ya zo a kan injin ɗin yana yawan murɗewa ya cukurkuɗe, musamman in na sa mai farfela, shi ma canja shi zan yi?

MaiFatsa_Ikorodu

Farfelar ce ke murɗa shi, ka sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa tsakanin zare da ita, a shagon kayan kamun kifi ana sayar da shi da arha. In da hali kuma ka koma zaren saƙa mai ɗaukar kamar kilo 8 zuwa 10, ba ya miƙewa, ko ganye ya taɓa robar za ka ji a hannunka, sai ka ƙulla nailan kamu biyu a bakinsa saboda gogar dutse da ƙarfe. Kar ka cika injin har ya tumbatsa, ka bar ɗan sarari a baki. Sannan ka ɗaga kai ka duba sama kafin kowane jifa, sandunan nan na kabon suna ɗaukar lantarki kuma akwai wayoyi da yawa da suka ratsa ta bakin ruwa, in hadari ya taso da walƙiya ma ka naɗe ka tafi. In Disamba ta yi ka min magana mu haɗu a Majidun bayan asuba, ka zo da takalmin roba mai tsawo da filaya ta cire ƙugiya, kwaɗon ina da guda biyu zan ara maka ɗaya.