Ko yara za su iya kallon fim ɗin gobarar Paradise?

Jama'a, ga abin da na tattaro daga bakinku kan fim ɗin nan mai suna Rebuilding Paradise na 2020 da ya bi iyalan garin Paradise, a jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan wutar dajin Nuwamba 2018 wadda ta kashe mutum 85.

1. Kusan kowa ya yarda farkonsa ne ya fi tayar da hankali. Hotunan gaske ne da masu gudu suka ɗauka daga cikin mota: hayaƙi ya mai da safiya dare, ana kuka, ana addu'a. Yaro yana gane ba wasa ba ne.

2. Alamar PG-13 aka ba shi, wato a yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce a tsallake farkon, a nuna musu yadda aka sake gina gidaje. Wasu suka ce baƙin cikin bai tsaya nan ba, akwai rashi har gaba. Ni ina bayan na biyun.

4. Yaron da gobara ta taɓa cin gidansu, a ƙyale shi tukuna. Babu wanda ya ja.

5. Iyaye su fara kallo, sannan a zauna tare, da rana.