Layi ɗaya ya cinye mini yini

Sadiq Gwarinpa: Jama'a ku taya ni ji. Layi ɗaya tal na gyara a wani heda (fayil ɗin da sauran fayilolin kod ke jawowa) na Blink, injin burauzar Chromium, sai Ninja, manhajar da ke tsara harhaɗa kod ɗin, ta ce dubban fayiloli za ta sake harhaɗawa. Tun bayan Azahar laftof ke huci, yanzu an ɗauke wuta, inbata sai kuka take. Wallahi lalaci ne. Kowa ya jefa #include ya yi gaba, ko yana buƙata ko ba ya buƙata.

Kabiru: Su waye malalatan? Mutanen da suka cire Blink daga WebKit, injin burauzar Safari, a 2013 suke riƙe da shi har yau? Kai me ka taɓa ginawa?

Malam Nuhu: Ku bi a hankali. #include kwafa ce kawai, a kwaso duk abin da ke cikin heda a zuba a fayil ɗinka. Shi kuma hedan ya jawo wasu, su ma su jawo nasu. Ka taɓa na ƙasa, duk wanda ya dogara da shi sai an sake shi. In sunan kawai kake buƙata, rubuta class Node, ya wadatar. Akwai ma manhajar include-what-you-use da ke nuna maka #include na banza.

Kabiru: Malam, mun ji. Amma Sadiq ya janye kalmar lalaci tukuna.

Hajara: Ai ba lalaci ba ne, sakaci ne. Malalaci ba ya aikin sam, mai sakaci yana yi, bai dai damu ba.

Sadiq Gwarinpa: To Malama, ajin Hausa muka shigo?

Danjuma Jos: A wajenmu duk ɗaya ne. Kuma ka dawo Jos, sanyin Rayfield kaɗai ya ishi laftof ɗinka.

Kabiru: Hausar Jos ce za ta raba mana gardama? Allah ya kyauta.

Danjuma Jos: Kabiru ka kiyaye ni. Ka manta wa ya gyara maka kod wancan watan?

Auwal (admin): Ni dai na sha faɗa, Firefox na haɗa fayiloli da yawa ta harhaɗa su a dunƙule, ga kuma sccache na Mozilla, mai adana abin da aka riga aka harhaɗa. Chromium ma ta taɓa yin irin wannan dunƙulewar, jumbo, suka cire a 2019. Wa ya aike su?

Hajara: Yaya Auwal, dunƙulewar ma ɓoye matsala take, fayil ya riƙa cin arzikin hedan maƙwabcinsa ba wanda ya sani.

Sadiq Gwarinpa: Batir saura kaɗan, babu wanda ya ce mini ga abin yi.

Auwal (admin): Tunda an kira Magariba bari in taƙaita. An yarda cewa Chromium ce da laifi, kuma da Firefox Sadiq ya kama da tuni ya gama. Maganar lalaci an bar ta.

Kabiru: Wa ya yarda?