Injin yankan katako yana tashi da cok, amma da an ba shi wuta sai ya mutu

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara. Injin yankan katakona ɗan Sin, mai 52cc, yana ajiye tun ƙarshen damina da sauran mai a tanki. Yanzu idan na ja cok yana tashi, amma da na ba shi wuta sai ya shaƙe ya mutu. Na canza filogi, babu sauyi. Wani ya ce in sayi sabuwar kafireta kawai. Me kuka gani?

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi saurin saye, kuma don Allah kada ka fara murɗa ƙusoshin saiti. Fatar kafireta nake zargi, wato siririyar robar da ke cikinta. Irin wannan kafireta ba ta da kofin mai kamar ta ƙaramin janareto Tiger, saboda injin katako ana juya shi ta ko'ina. Fata biyu ke aikin. Ɗaya tana tsotso mai daga tanki, bugun iskar cikin injin ne ke motsa ta. Ɗayar, mai ɗan farantin ƙarfe a tsakiya, ita ke danna hannun allura mai ya shiga. Idan fetur ya daɗe a ciki sai ta bushe, ta daina lanƙwasa, mai ya yi kaɗan. Kwance murfin nan mai ƙusa huɗu ka taɓa ta da yatsa. Lafiyayya laushi gare ta, ba ta ƙara. Idan ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar ledar biskit, ta gama aiki.

Mai Feshi: Oga ya faɗi gaskiya, amma kafin ka buɗe, lanƙwasa waya ka zaro filtar da ke cikin tanki ka duba, ka kuma bi tiyon mai ko ya tsage. Injin feshina ya taɓa yin haka, ashe tiyo ne yake shan iska.

Ɗan Fanteka: Yallaɓai, idan za ka sayi fatar, karanta lambar da aka buga a jikin kafiretar. Yawancin waɗannan 'yan Sin ɗin kwaikwayon kafiretar kamfanin Walbro ne, samfurin WT. A kayan gyaranta, mai lamba D10-WAT fata da gasket ne kawai, K10-WAT kuma har da allura da hannunta. Na kamfanin Zama daban yake, ba ya shiga. Mafi sauƙi ka tafi shago da tsohuwar, ka ɗora ta kan sabuwa, ka ga ramukan sun hau juna.

Auta: Ni dai a ganina wahala ce. Kafireta sukutum ba ta fi kayan gyaran tsada da yawa ba.

Oga Bakanike: Auta, a injin ɗan Sin ban ƙi maganarka ba. Amma wanda yake da Stihl ko Husqvarna na asali, asara ce ya jefar da kafiretar da ta zo da shi saboda fata ɗaya. Malam, ga inda mutane suke faɗuwa wajen haɗawa. Ɓangaren famfo: fata ce ke kwanciya a jikin kafireta, sannan gasket, sannan murfi. Ɓangaren allura akasin haka ne: gasket tukuna, sannan fata, farantin ƙarfen yana kallon ciki. Ka juya su, ko dai injin ya ƙi tashi, ko ya cika da mai filogi ya jiƙe. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai. Akwai kuma 'yar raga a ɓangaren famfo, ba ta kai ƙwayar wake ba, datti yana toshe ta. Wanke ta. Kada ka cusa waya a ramuka, kada kuma ka hura da iskar kwamfuresa mai ƙarfi, akwai ɗan bawul a ciki da ke lalacewa.

Mai Feshi: Batun saiti fa, Oga?

Oga Bakanike: Ƙusar saiti mai harafin L ta ƙaramar wuta ce, mai H ta babbar wuta. Rufe kowanne a hankali har ya tsaya, ba da ƙarfi ba, sai ka buɗe kamar zagaye ɗaya. Daga nan ake gyarawa bayan injin ya yi zafi. H nake ji wa tsoro: ka matse shi, injin zai yi kuka mai daɗi, amma mai ya ragu, kuma man ne ke ɗauke da abin da ke jiƙa fistan. Haka fistan ke ƙonewa. Idan an sa sabuwar fata amma sulo, wato gudun injin ba tare da an ba shi wuta ba, yana hawa da kansa, a duba sil ɗin kiranshaf, robar da ke hana iska shiga injin.

Ɗan Fanteka: A kuma riƙa haɗi da man 2T, ba baƙin man mota ba. Injin mai haɗin 25:1, mililita 40 ne na 2T a lita ɗaya ta fetur. Mai 50:1, mililita 20. Idan za a ajiye injin, a juye tankin, a tayar da shi har ya mutu da kansa.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri. Na buɗe, fatar ta bushe ƙarau. Allurar ma in canza ta?

Oga Bakanike: Amin. Dubi bakinta da kyau. Idan zobe ya fito a robar, canza. Rufe da tafin hannu lokacin da kake kwance ƙusar da ke riƙe hannun allurar, sifirin ɗin da ke ƙarƙashinsa ƙarami ne ƙwarai kuma tsalle yake yi. Hannun kuma kada ka lanƙwasa shi, ka gwada tsayin sabon da na tsohon kafin ka rufe.