Gajiya na nan, barci ya ƙi zuwa: me ya kamata a fara gyarawa?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san harkar lafiya. Wata na uku ke nan barci na ba ni wahala. Nakan kwanta ƙarfe 10, in yi ta juyi har 1 ko 2 na dare, tunanin kasuwa da na gida na ta kai-kawo. Bayan Asuba in koma in rama har ƙarfe 9. Ina shan shayi da dare, ina cin goro. An ce in sayi diazepam a kemis. In saya, ko akwai abin da zan fara gwadawa?

Ummu Sadik:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba ka lafiya. Gyaran barcin dare daga safiya ake fara shi. Tun daga tashin mutum wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa ido nauyi da dare. Wanda ya rama barci har ƙarfe 9 ya rage wannan tarin, shi ya sa ƙarfe 10 na dare ke riskarsa ido garau.

Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har Asabar da Lahadi, ko da daren bai yi daɗi ba. Ka fita hasken safe na minti 20 zuwa 30, domin da haske jiki ke saita agogonsa. Kada ka hau gado sai ido ya yi nauyi; gajiyar jiki daban, jin barci daban. In ka kwanta ka ga an ɗauki kamar minti 20 babu labari, tashi ka koma tabarma ko kujera cikin haske kaɗan, ka yi zikiri ko karatu mai sauƙi, sai gyangyaɗi ya zo ka koma. Ko sau uku ne a dare ɗaya, a maimaita. Dalili kuwa, mai kwana yana juyi yana koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa gado wurin tunani ne, har ta kai yana gyangyaɗi a falo amma da ya taɓa matashi barcin ya gudu. Kada ka riƙa duba agogo ko waya kana lissafin awannin da suka rage, wannan lissafin ma fargaba yake ƙarawa.

Makon farko da wuya, za ka ji barci da rana. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa huɗu ake ganin canji, a nan ne mutane da yawa ke karaya su bari.

Baban Iman:
Ɗan uwa, ka haƙura da diazepam ɗin nan sai in likita ne ya rubuta. Shi da bromazepam, wanda aka fi sani da Lexotan, dangi ɗaya ne. Suna sa barci, amma jiki na sabawa da su, shi ya sa ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha. Bayan nan ƙwaya ɗaya ta daina isa, in an bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda, yana iya jawo karkarwa da jijjiga. Likita ke rage masa kaɗan-kaɗan. Haɗa su da tramadol ko kodin haɗari ne babba, numfashi na iya tsayawa cikin barci. Piriton da wasu ke sha don barci shi ma cikin 'yan kwanaki yake daina aiki, ya bar mutum da bushewar baki da kasala.

Shayi da goro kuma duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, aikinsa toshe wurin da adenosin ɗin da Ummu Sadik ta ambata ke kamawa. Jiki na ɗaukar kusan awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Wato shayin da aka sha ƙarfe 8 na dare, rabin ƙarfinsa na nan ƙarfe 1. Daga Azahar ka rufe shayi, goro, kofi da lemukan ƙara kuzari. Kada ka yanke gaba ɗaya rana ɗaya, ciwon kai zai biyo baya. Rage shi cikin mako guda.

Ɗan Damagaram:
Ina tare da su, sai dai in ƙara abu ɗaya. Babban mutum na buƙatar awa 7 zuwa 9. Wanda ya yi barci ƙarfe 11 ya tashi Asuba bai cika su ba, to ba kowa za a ce kada ya runtsa da rana ba. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 kafin La'asar ba ta ɓata dare. Wadda ke ɓatawa ita ce ta awa biyu, ko ta bayan La'asar. Direba da mai aiki da inji su kula sosai a makon farko, kada a kama sitiyari ana gyangyaɗi.

Batun tunani, ba a korar shi da ƙarfi, ƙaruwa yake. Ba shi lokacinsa tun da wuri. Bayan Magariba ɗauki littafi da biro na minti 15, ka raba shafi biyu: a dama abin da ke damunka, a hagu mataki ɗaya da za ka ɗauka gobe. Misali, bashin mai kaya, in kira shi ƙarfe 10 mu tsayar da rana. In ya taso da dare, ka san an riga an rubuta shi. A kan gado kuma ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, na minti biyar. Tsawaita fitar numfashi ke saukar da bugun zuciya.

Lokacin bazara kuwa, wanka kafin kwanciya da gidan sauro a wuri mai iska na taimakawa, don jiki sai ya ɗan huce barci ke kama shi.

Maman Halifa:
Malam, wata uku ba wasa ba ne. Rashin barci dare uku a mako har wata uku, likitoci na ɗaukarsa ciwo ne da ake yi wa magani. Kuma wani lokaci alama ce ta wani abu. Ka je asibiti ba tare da jira ba in akwai ɗaya daga cikin waɗannan: ƙuncin rai da rashin jin daɗin abin da ka saba so har mako biyu, farkawa tun kafin Asuba da nauyin zuciya, rama da gumi da bugun zuciya, wanda kan sa a auna maƙoƙo, ko iyali su ce kana minshari numfashi na ɗaukewa, musamman in akwai hawan jini. Mai minshari irin wannan, ƙwayar barci ƙara masa haɗari take.

Wanda ke kwana biyu ko uku bai yi barci ba kuma bai gaji ba, ga yawan magana da kashe kuɗi, wannan daban ne, a kai shi da wuri. Shi da mai farfaɗiya kada su rage barci da kansu. In kuma tunanin cutar da kai ya shigo, a ranar za a gaya wa na kusa a tafi asibiti.

Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano da Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne. Ka tafi da takardar da ka rubuta lokacin kwanciya, lokacin tashi, da abin da ka sha na mako biyu, zai sauƙaƙa wa likita.

Abu Hanan:
Allah ya saka da alheri. Ƙarfe nawa ke nan zan kwanta a daren farko?

Ummu Sadik:
Tunda Asuba za ka tashi, fara da ƙarfe 11, in ido ya yi nauyi. In ka yi mako guda barci na ɗaukar ka cikin minti 20, riƙa kwanciya minti 15 kafin lokacin da ka saba, haka duk mako har ka ji ka ƙoshi.