Ruwan gishirin rijiyoyin mai na Kolmani: rana kaɗai ta isa?

Kawu daga Pindiga: Jama'a, ni ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Idan aka fara haƙo mai sosai a Kolmani, nan kan iyakar Gombe da Bauchi, ruwan gishirin da ke fitowa tare da shi a zuba a rami, rana ta shanye. Zafin Maris da Afrilu na Gombe ba abin wasa ba ne. Matan Keana a Nasarawa tun kaka da kakanni suke dafa gishiri, wa ya mutu?

Injiniya: Kawu, Allah ya ja kwana, ba ruwa ɗaya ba ne. Na rijiyar mai yakan fi na teku gishiri, ga maiƙo, ga sinadarai masu guba irin su benzin da ke cikin ɗanyen mai. Rana ruwan take ɗauka, gishiri da maiƙo na nan kwance a gindin rami. In ba a shimfiɗa leda mai kauri ba, yana tsatsafowa a hankali har ya tarar da ruwan rijiya.

Malama daga Futuk: To Agusta fa? Rami ya cika ya tumbatsa, ina zai nufa in ba gona da rafi ba?

Kawu: Malama, tun Nuwamba 2022 da Buhari ya zo ƙaddamar da aikin haƙon man yaranmu ke jiran aiki. In kuka tsaurara sharuɗɗa, za ku kori masu zuba jari.

Ɗan makiyayi: Baba, ni shanu ne damuwata. Saniya ta ji ƙanshin gishiri ko kanwa, sanda ba ta mayar da ita. Za ta kafa baki ta yi ta lasa. Ramin da babu shinge tarko ne.

Injiniya: Gaskiyarka. Shinge, leda, a bar sarari kada a cika shi fal, sannan a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a kewaye. Mafi kyau ma a mayar da ruwan can ƙarƙashin ƙasa inda ya fito. A yankin Ogoni na Jihar Ribas, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzin a wasu rijiyoyin sha ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) fiye da sau 900.

Kawu: Can shekara da shekaru aka yi ana ɓarna, ɗana.

Malama: Shi ya sa nake so NUPRC mai kula da haƙar mai da NOSDRA mai kula da malalar mai su auna ruwan rijiyoyinmu tun yanzu, a ajiye takarda wajen hakimi. In ya sauya ɗanɗano gobe, da me za mu kafa hujja?

Kawu: Awon na yarda da shi. Ledar ce dai, wa zai leƙa ya ga ko ta yage?