Wane suna za mu raɗa wa AI a labaran rediyo?

Ɗalibar aikin jarida, daga Taura:
Salamu alaikum iyayena. A makaranta ana koya mana yadda AI, wato fasahar kwamfuta mai yin ayyukan da ke buƙatar tunanin ɗan Adam, ke mayar da hirar murya rubutu, yana fassara, yana tsara kanun labarai. Tun fitowar ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambayoyi, a Nuwamban 2022 jami'o'in duniya suka rungumi harkar, har UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar wa malaman aikin jarida littafin jagora a 2023. To in labarin na mutanen kasuwar Gujungu ne, me zan kira abin? In na ce "e-ai", sai a zaci magana na fara: "e, ai…"

Tsohon hedimasta, daga Ringim:
'Yata, BBC Hausa na cewa "ƙirƙirarriyar basira". Ma'ana ta fita, amma gaɓa takwas ce. Mai karanta labarai zai yi tuntuɓe, manomin da ya rataye rediyo a wuya yana shara kuwa kafin ya gane har an wuce wurin.

Alaramma, daga Kafin Hausa:
Ni basirar ce ba ta kwanta min ba. Basira baiwa ce daga Allah. Wannan abu rubuce-rubucen mutane ya haɗiye, sai ya riƙa cankar kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata. Shi ya sa yakan shirga ƙarya ko gezau. A ce "kwaikwayon basira".

Ɗalibar:
Allah gafarta Malam, da an ji "kwaikwayo" hankali ya tafi wajen 'yan fim.

Tsohon ma'aikacin rediyo, daga Gumel:
Ni "basirar na'ura" na zaɓa. Jirgi na ruwa ne tun asali, da muka ce jirgin sama ba wanda ya je neman kogi a gajimare. Kalmar "na'ura" ta riga ta faɗi iyakar basirar. Kuma a aikinmu wannan ne abin kula, mai sauraro ya san hannun wa ke cikin labari. Tun 2014 kamfanin dillancin labarai na Associated Press a Amurka yake barin kwamfuta ta rubuta rahoton ribar kamfanoni. Gwada ki ji: "An fassara wannan rahoto da taimakon basirar na'ura, edita ya duba."

Alaramma:
To, muddin ba a yar da "na'ura" ɗin a hanya ba, na yarda.

Ɗalibar:
Na gode, Baba. Shi zan sa a rahoton farashin riɗi da zan miƙa ranar Litinin.