Aikin da ke tashi da kansa a rumbun intanet: ina ba da shawarar mu ce "ɗanannen aiki"

'Yan uwa masu rubutu kan fasaha, akwai kalmar da ta daɗe tana ba mu wahala, kalmar "automation". Ba ina nufin na'urorin masana'anta ba. Ina nufin irin aikin nan da mutum ke haɗawa a Zapier ko Make ko Power Automate, inda fayil yana shiga wata folda a rumbun intanet, wato ma'ajiyar fayiloli irin su Google Drive ko Dropbox, sai wasu ayyuka su biyo baya ba tare da kowa ya taɓa kwamfuta ba. Kowa da yadda yake faɗinsa, mai karatu kuma yana ruɗewa. Ga abin da na tsaya a kai, a duba a gyara mini.

Sai mun ga aikin da idonmu kafin mu raɗa masa suna. Ɗauki ofishin da rasitai ke shigo masa ta imel kullum. A da, ma'aikaciya ce za ta buɗe kowane saƙo, ta sauke takardar da aka maƙala, ta sauya mata suna, ta kai ta foldar watan, ta rubuta layi ɗaya a shafin lissafi na Google Sheets, sannan ta sanar da akanta. Yanzu sai ta shiga Zapier sau ɗaya. A akwatin farko ta zaɓi Gmail, ta ce duk saƙon da ya zo da maƙalalliyar takarda. A na biyu ta zaɓi Google Drive, ta nuna foldar, ta ce sunan fayil ya fara da kwanan wata sai sunan mai aikowa. A na uku ta nuna shafin lissafin. Kowace manhaja za ta buɗo ƙaramar taga tana tambaya ko an yarda Zapier ya shiga asusun, ta danna amincewa. Ta gwada da tsohon saƙo guda, ta ga fayil ya sauka inda ya kamata, ta kunna. Ba ta rubuta ko layi ɗaya na kod ba. Daga ranar, ko tana barci rasit zai isa mazauninsa.

Kamfanonin da kansu ba su haɗu kan suna ɗaya ba. Zapier, wanda Wade Foster da Bryan Helmig da Mike Knoop suka kafa a jihar Missouri ta Amurka a 2011, yana kiran kowane haɗi Zap. IFTTT, wani kamfanin irin wannan aiki, ya fara da kiran nasa da kalmar da ke nufin tsarin girki, ya sauya zuwa Applet a 2016. Make, wanda aka sani da Integromat kafin 2022, ya ari kalmar da ake kiran tsarin labarin wasan kwaikwayo. Microsoft ya fito da Flow a 2016, ya mayar da shi Power Automate a 2019. To tunda masu abin ma kowa da nasa, ba dole ba ne mu fassara sunan wani kamfani. Aikin za mu duba.

Abin da aka fi rubutawa yanzu shi ne "mai sarrafa kansa". Mun saba jin ta a labarai, bindiga mai sarrafa kanta, mota mai sarrafa kanta. Ni dai ba ta kwanta mini ba a nan, kuma ba don tsawonta kaɗai ba. Tana sa mai karatu ya ɗauka abin yana da hankali, yana dubawa ya yanke shawara. Alhali ba ya sarrafa komai. Umarnin da aka ba shi ranar farko shi yake maimaitawa, ko daidai ne ko kuskure, har sai wani ya zo ya tsayar da shi. "Otomatik" kuma kowa ya san ta, amma siffa ce kawai, ba ta ba mu aikatau. Ba za ka ce wa abokin aikinka "je ka otomatik rasitan nan" ba. "Saita" tana da aikatau, sai dai mun riga mun ɗora mata kaya da yawa: saita agogo, saita haske, saita murya. In ka ce ka saita folda, babu wanda zai gane cewa ka bar wani abu yana jira.

Jiran nan shi ne zuciyar maganar, kuma Hausa tana da aikatau nasa tun tuni: ɗana. Mai tarko yana ɗanawa ya tafi gida. Tarkon ba ya tunani, ba ya zaɓe, yana nan shiru har abin da aka ɗana dominsa ya taɓa shi, sai ya tashi. Mai shi ba ya wurin, amma kowa ya san hannunsa ne. Haka Zap yake, ba ragi ba ƙari. Sunan IFTTT ma abin da yake nufi ke nan, in kaza ya faru to a yi kaza.

Shi ya sa na ce "ɗanannen aiki", jam'i "ɗanannun ayyuka". Ku duba yadda sauran kalmomin ke zuwa da kansu, ba sai mun ƙirƙiro ba. Na ɗana aiki a foldar rasitai. Yana nan a ɗane. Ya tashi da asuba. Yau ya ƙi tashi. A kwance shi kafin a sauya sunan foldar. Wa ya ɗana wannan? Su Zapier da Make da n8n kuma sai mu ce manhajojin ɗana aiki. Duk jimlar da na gwada ta zauna ba tare da na murɗa harshe ba, kuma wanda bai taɓa buɗe ɗaya daga cikinsu ba zai fahimci rabin maganar tun kafin a yi masa bayani.

Tambayar "wa ya ɗana wannan?" ita ta fi sa ni riƙe kalmar. Kowane ɗanannen aiki yana tafiya ne da izinin asusun wani mutum. Ma'aikacin da ya haɗa shi zai bar aiki, a rufe asusunsa, sai a wayi gari rasitai sun daina isa folda, kowa yana cewa kwamfuta ce ta lalace. Ko kuma akasin haka: an daina buƙatar aikin tun bara, amma har yanzu wata manhaja ta waje tana da damar karanta fayilolin ofis saboda babu wanda ya tuna ya kwance. In muna cewa abin yana sarrafa kansa, ba wanda zai nemi mai alhaki. In muna cewa ɗanawa aka yi, dole a tambayi wanda ya ɗana.

Ga kuma kuskuren da sababbin shiga ke yawan yi. Mutum ya ce duk sabon fayil da ya shigo folda a kwafe shi da sabon suna, sai ya nuna wannan foldar dai a matsayin inda kwafin zai sauka. Kwafin ma ai sabon fayil ne, sai aikin ya sake tashi, ya haifi wani kwafin, haka dai ba iyaka. A Google Drive abin ya fi wuyar ganewa da wuri, domin yana yarda fayiloli da yawa su zauna a folda ɗaya da suna iri ɗaya. Zapier kuma yana ƙirga kowane mataki da ya yi nasara, kuma tsarinsa na kyauta 100 kawai yake bayarwa a wata, nan da nan sun ƙare. In aikin na gogewa ne, abin ya fi muni: kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe fayil kafin ya share shi gaba ɗaya.

Na san abin da za a ce: Malam, ai "ɗana" a kunnen mutane yanzu bam take tunowa. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan ƙorafi ba. Amma kalmar ta girmi bam, mafarauci ya daɗe yana ɗana kibiya a baka. Sannan ɗan taka-tsantsan ɗin da take sa wa a zuciya ba aibu ba ne ga abin da aka ba damar kwashe ko goge fayil dubu cikin dare ɗaya.

Sauran kalmomin ba su kai wannan wahala ba. Ma'ajiyar da Turawa ke dangantawa da gajimare, "rumbun intanet" ya ishe mu, tunda fayilolin suna cikin manyan kwamfutoci ne a gine-ginen kamfanoni, ba a sama ba. Abin da ke tayar da aikin, kamar shigowar sabon fayil, na so in ce "sharaɗi", sai na tuna akwai wani mataki daban da ake sakawa a tsakiya, wanda ke cewa kada a ci gaba sai in fayil ɗin PDF ne, ko sai in sunansa na ɗauke da wata kalma. Wannan shi ya fi cancantar sharaɗi. Na farkon sai mu bar masa "kunama", kamar ta bindiga, abubuwan da ke biyo baya kuma "matakai".

Inda ban gama gamsuwa ba shi ne yadda kunamar ke samun labari, domin iri biyu ce. A iri na farko, manhajar ɗanawa ce ke zuwa tana duba foldar lokaci-lokaci, a tsarin Zapier na kyauta duk minti 15, shi ya sa fayil kan shiga amma aiki ya ɗan jinkirta kafin ya tashi. A na biyu kuma, rumbun ne ke aiko da sanarwa nan take da zarar abu ya faru. Ina kiran ta farko "kunamar leƙe", ta biyu "kunamar sanarwa". Ta farkon ta yi mini daɗi a baki, ta biyun kuwa har yanzu tana mini nauyi. Wanda yake da wadda ta fi ta, musamman malamanmu na harshe da masu koyar da wannan aiki da Hausa, don Allah a kawo.